Jirgin leda a hunturun Zariya

Wata baƙar leda da ta maƙale a wayar wuta ta bakin layinmu ce ta jawo maganar. Na ɗauko autata daga Islamiyya, muna tafe ta ɗaga kai ta ce, "Baba, wa ya rataye leda a can, har da jela?" Na duba da kyau, sai na hango tsinke biyu a jikin ledar da guntun zare yana reto. Na ce mata jirgin leda ne, wani yaro ne ya tashe shi iska ta kai masa shi kan waya. Ta ce, "Mene ne jirgin leda?"

Tambayar nan ta tsaya mini a rai har muka shiga gida. Ni da na yi ƙuruciyata a Tudun Wada, ƙafa duk faso saboda bin jirgin leda daga wannan fili zuwa wancan, ga 'yar cikina mai shekara 7 ko sunansa ba ta sani ba. Laifin ba nata ba ne, ba wanda ya taɓa nuna mata. Na ce mata idan aka yi hutu za mu haɗa namu. Alkawari kuwa kaya ne, musamman wanda aka yi wa ƙaramin yaro, don kullum da safe sai ta tuna mini.

Hutun ƙarshen shekara ya zo, yayata ta turo mana ɗanta mai shekara 12 daga Kaduna, ga kuma yayan auta mai shekara 10. Hunturu ya kankama, hazo ya rufe dutsen Kufena har ba a ganinsa sosai daga gari. Ranar Litinin da safe muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida muka tara kayan aiki, waɗanda duk a cikin gidan muka same su. Leda na zaɓi shara-shara, irin babbar nan da ake zubo kayan miya, wadda ba ta huje ba, domin mai kauri nauyi gare ta. Maman yara ta ba mu zaren kitso da wani tsohon zanen atamfa da za a yayyaga a yi jela. Muka wanke gwangwanin madara na naɗe zare, muka ɗauko almakashi da salatif. Reza kuwa a aljihuna ta zauna, ni kaɗai ke taɓa ta.

Saura tsinke. Tsintsiyar laushi ba ta wannan aiki, sai ta kwakwa, kuma a gidanmu Inna ce ke da mai dogayen tsinke. Da ta ga jikokinta sun nufi tsintsiyar sai ta dube ni ta ce, "Kai da girmanka, kai za ka koya musu zare mini tsintsiya?" Na ba ta haƙuri na ce zan sayo mata sabuwa. Ta karɓi tsintsiyar da hannunta, ta zazzaro mana dogaye guda goma, sannan ta ce mu jiƙa su a ruwa tukuna, don sanyin nan ya busar da su, ana lanƙwasawa za su karye. Haka muka yi, kuma ko ɗaya bai karye mana ba.

Haɗawar ba ta da wuya. Mun yanka ledar murabba'i, kowane gefe taƙi ɗaya da rabi, wajen santimita 30 ke nan. Don a tabbata gefunan sun yi daidai, sai a ninka kusurwa ta haɗu da kishiyarta, a rage duk inda ya yi saura. Tsinke ɗaya ya miƙe daga kusurwar sama zuwa ta ƙasa, shi ne ƙashin baya. Na biyu aka lanƙwasa shi kamar bakan maharbi, bakinsa ɗaya a kusurwar dama ɗaya a ta hagu, doronsa yana kallon sama, ya gitta ƙashin bayan kusa da ka. Kowace kusurwa muka manne ta da salatif, auta ce mai yanko shi tana liƙawa a gefen tire. Na huda ledar a inda tsinken biyu suka haɗu na ɗaure zare a nan, muka ƙulla jela a ƙasa. Kafin azahar mun gama guda uku, kowa da nasa.

Bayan la'asar muka tafi filin ƙwallon wata firamare da ke bayan unguwarmu. Na zaɓe shi ne don babu wayar wuta a kusa, babu titi, kuma ya yi nisa da Palladan inda filin jirgin kwalejin koyon tuƙin jirgin sama yake. Muka tarar ko ganyen darbejiya ba ya motsi. Yaran suka yi ta gudu da jiragen, idan suna gudu ya ɗan ɗaga, da sun tsaya ya faɗo. Na yayan auta ya ja ƙasa har tsakuwa ta yaga shi. Muka dawo gab da magariba, ƙura har gira, ba wanda ke magana.

A daren na zauna na tuno lokacin da muke fita muna yara, sai na gane ba da yamma ba ne. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take tasowa, ta ratso Sahara, kuma kaso mai yawa na ƙurar da take kawo mana daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take kwaso shi. Tana da lokacinta a cikin yini. Da asuba shiru ne, sai sanyi. Idan rana ta ɗaga ƙasa ta fara ɗumi, iskar da ta kwana tana gudu a sama sai ta sauko, ta yi ta kaɗawa daga hantsi zuwa wajen azahar, da la'asar kuma ta lafa. Mun je neman iska a lokacin da ta riga ta tashi daga aiki.

Washegari ƙarfe 10 muna filin. Iska kam ta samu, har hula sai an dafe. Muna sakin jirgin ɗan yayata ya yi sama kamar gaba uku, muka fara murna, sai ya kama juyi kamar katantanwa ya zo ya daki ƙasa da ka. Muka sake, haka. Na auta ma haka, kuma kullum ta hagu yake kifawa. Na ce jela ce ta yi kaɗan, muka ƙara. Ya sake juyawa, muka sake ƙarawa, har jelar ta yi masa nauyin da ya kasa barin ƙasa. Masu iya magana sun ce iska na wahalar da mai kayan kara, ranar mun ga hakan da idonmu. Ɗan yayata ya ce, "Kawu, mu duba a waya mana." Muka duba YouTube a gida da yamma. Bidiyon suna da kyau, amma duk da sanduna ake yi waɗanda inji ya fere, kaurinsu ɗaya daga farko har ƙarshe, ga zare na musamman da ake sayarwa a kanti. Ba wanda ya yi maganar tsinken kwakwa. Ranar Laraba ba mu fita ba, jiragen suna jingine a zaure, auta tana wucewa tana kallonsu.

Akwai wani almajiri da ke zuwa gidanmu karɓar abinci, yaro ne da bai wuce shekara 11 ba. Ranar Alhamis da safe ya yi sallama da robarsa, yana jiran a zubo masa sai idonsa ya faɗa kan jiragen. Ina zaune a zauren ina shan shayi. Ya ɗan yi jim, sannan ya ce, "Baba, wannan ba zai tashi ba."

Na ce, "Don me, ɗan malam?"

Ya ajiye robar, ya ɗauki na auta ya nuna mini bakan. "Ka ga nan gindin tsinke ne, nan kuma kansa. Gefen nan ya fi ƙarfi."

Abin a fili yake, amma kwana uku ina kallonsa ban gani ba. Tsinken kwakwa gindinsa kauri, kansa siriri. Idan aka yi baka da guda ɗaya, ɓangaren siririn yana lanƙwasuwa da iska ta buge shi, mai kaurin kuma ya tsaya ƙyam. Fiffike ɗaya ya tare iska, ɗayan ya zubar da ita, dole jirgi ya juya, kuma ko jelar raƙumi aka ɗaura masa ba za ta hana ba. Na tambaye shi yadda ake yi. Ya ɗauki tsinke biyu ya jera su, gindin wannan a wajen kan wancan, ya naɗe su da zare a wuri uku. Da ya lanƙwasa sai bakan ya fito sumul, dama da hagu ba bambanci.

Sannan ya kwance zaren da na ɗaure a wuri ɗaya. Ya yanki wani kamar kamu guda, ya ɗaure bakinsa ɗaya a inda baka ya gitta ƙashin baya, ɗayan kuma can ƙasa, yatsa uku kafin kusurwar jela. Ta fuskar jirgin ya fito da zaren, tsinke suna ta baya, don iska ta riƙa danna ledar a jikinsu maimakon ta ɓanɓare ta. Ya kama tsakiyar zaren ya ɗaga, jirgin yana reto a kwance, ya yi ta zame yatsunsa a hankali har kan ya ɗan fi gindin ɗagawa, zaren sama ya fi na ƙasa gajarta da kamar faɗin yatsa biyu. A daidai nan ya yi ɗan ƙulli mai hanci, inda za a ɗaura dogon zare. Shi zaren ciki yake ce masa. Ni da na ga aikinsa sai na sa masa linzami, don shi ke saita yadda jirgi zai fuskanci iska. Idan ƙullin ya yi ƙasa da yawa, jirgin yana tsayawa a miƙe, ya yi ta jan hannu ba ya hawa. Idan ya yi sama da yawa sai ya kwanta, iska ta wuce ta ƙarƙashinsa, ya yi ta karkarwa ya faɗo. Tsakanin tashi da faɗuwa bai fi faɗin yatsa ba. Jelar nan mai nauyi kuma ya cire ta, ya yaga atamfar siri-siri, ya ƙulla har ta kai kamar tsawon jirgin sau shida.

Alhamis ba a karatu a makarantar allo, amma duk da haka na biya ta wajen malaminsa na gaishe shi, na ce, "Allah gafarta malam, ina son yaron nan ya raka mu fili zuwa azahar." Ya ce ba komai, Allah ya yi albarka.

A filin, abu na farko da yaron ya ce shi ne kada kowa ya yi gudu. Ya ɗebi ƙasa ya sake ta daga sama, muka ga inda ƙurar ta nufa. Ya tsayar da ɗan yayata da gwangwani a hannu, ya juya wa iska baya. Yayan auta ya ɗauki jirgin ya yi taku ashirin gaba, ya ɗaga shi sama da kansa da hannu biyu, zare ya miƙe. Muka tsaya muna jira. Darbejiyar bakin fili ta fara kaɗawa, sai almajirin ya ce, "Saki!"

Ya tafi sama tsaye, kamar ana jansa da guga. Ya ɗan yi dama, ya ɗan yi hagu, jela tana bin sa tana lanƙwasa, amma bai juya ba. Da ya wuce tsawon bishiyoyi sai ya natsu, domin iskar ƙasa gine-gine da itatuwa suna karya ta tana zuwa a hargitse, ta sama kuwa a miƙe take tafiya. Almajirin yana gefen ɗan yayata yana faɗa masa, "Ja. Tsaya. Ba shi zare. Ba shi kuma." Ƙa'idar da ya koya masa guda ce: jirgi inda kansa ya kalla can yake zuwa idan aka ja. In kan yana sama, a ja ya hau. In ya sunkuyo, a sassauta har ya gyara tsayuwa, domin wanda ya ja a lokacin shi ya buga shi da ƙasa. Hannu kuwa da ya ga jirgi ya sunkuyo ja yake son yi, sai an yi ta maimaitawa kafin ya saba. Ba a jima ba na ji ɗan yayata, wanda ya girme shi, yana cewa, "Malam, yanzu in ja?" Kuma da gaske yake kiransa malam ɗin. Shekara guda yaron nan yana zuwa ƙofar gidana, yarana ba su san komai game da shi ba sai robarsa. Na ji nauyin wannan a zuciyata, domin ni ma ban taɓa zama na tambaye shi abin da ya iya ba.

Da aka tashi na auta, na durƙusa a bayanta na riƙe gwangwanin tare da ita, sannan na zare hannuna a hankali. Ta yi tsit. Can ta ce, "Baba, yana motsi kamar mai rai." Haka ne kuwa. Wanda bai taɓa riƙe zaren ba ba zai gane ba: kana tsaye a ƙasa, amma duk abin da iska ke yi a can sama kana jin sa a yatsunka, ta ja, ta saki, ta yi rawa. Na karɓa na ɗan riƙe, sai ga filin Tudun Wada na shekara talatin da suka wuce ya dawo mini, har da muryoyin abokan da wasunsu sun riga mu gidan gaskiya.

Wani abu guda na tuna da kaina, shi ne aika wasiƙa. Na yagi 'yar takarda na huda tsakiyarta, na tsaga gefe na zura ta a zaren na manne tsagar. Iska ta ɗauke ta tana juyawa tana hawa har ta isa jirgin. Auta ta ce sai an rubuta wani abu a ta biyu, ta rubuta sunanta da na Inna. Shirwa biyu suka zo suna shawagi a kusa, suna leƙen wannan baƙon tsuntsu mai doguwar jela. Na gaya wa yaran cewa Turawan Ingila da sunan shirwa suke kiran jirgin leda, saboda yadda take tsayawa a iska ba ta kaɗa fiffike.

Muka ɗaure zaren a jikin turken raga muka zauna inuwa muna shan rake. Hazon ranar bai yi kauri ba, sai ga wani ƙaramin jirgin 'yan koyo ya gitta can nesa ta wajen Palladan. Kwalejin nan tun 1964 take a Zariya, duk wanda ya tashi a garin ya saba da ƙarar jiragenta. Yayan auta ya ce, "Baba, abin da ke ɗaga wancan shi ke ɗaga namu?" Na ce ya tuna lokacin da yake fitar da tafin hannunsa ta tagar mota, idan ya ɗan karkata shi sai iska ta tura hannun sama. Fiffike a karkace yana tura iska ƙasa, ita kuma ta tura shi sama. Wancan injinsa ke kutsa shi cikin iska, namu kuma iska ce ke zuwa ta same shi, zare ya riƙe shi kada ya bi ta. Na ba su labarin 'yan'uwan nan biyu na Amurka, Wilbur da Orville Wright, masu gyaran keke, waɗanda a 1899 suka fara gwada dabarar sarrafa fiffike da irin wannan jirgi mai zare, kafin su tashi da jirgi mai inji a watan Disamban 1903. Asalin abin kuma daga ƙasar Sin yake, fiye da shekara 2,000 da suka wuce, da gora da siliki, daga baya takarda. Almajirin ya daina shan rakensa yana saurare. Da na ce a 2011 yaran Gaza sun tashi fiye da 12,000 a lokaci guda a bakin teku, sai ya ce, "To ina suka samu zare?"

Ɗan yayata ya kawo shawarar a yi faɗan jirage, ya gani a waya yadda ake yi a Indiya, wannan ya tsinke zaren wancan. Gaskiya ne ana yi, a jihar Gujarat ranar 14 ga Janairu sama cika take da su. Amma zaren da ake faɗan da shi garin kwalba ake shafa masa, kuma yana yanka wuyan masu babur da fikafikan tsuntsaye, har hukumomi a Indiya da Pakistan sun sha hana shi. Na ce masa wannan ba da mu ba. Ko zaren kitson da ke hannunmu ya riga ya yanki yatsan yayan auta, don ya naɗe shi a hannu iska ta fizga. Daga nan na kafa doka: zare a gwangwani yake zama. Na ƙara musu biyu, ba a bin jirgin da ya hau waya ko da sanda, kuma da damina idan hadari ya haɗu ba a tashin jirgi, saboda tsawa.

Dokar ta sha gwaji tun kafin mu bar filin. Zaren kitso gajeru ne, mun yi ta ƙulla wani a bakin wani, kuma a ɗaya daga cikin ƙullin nan na ɗan yayata ya tsinke. Jirgin ya yi baya-baya yana lilo, ya nufi kudu maso yamma, ya haye gidaje. Yaran suka zabura za su bi, na daka musu tsawa suka tsaya, don babban titi yana ta can. Muka tsaya muna kallonsa har hazo ya haɗiye shi. Idon ɗan yayata ya kawo ruwa. Almajirin ya ce masa, "Akwai sauran tsinke a gida ai."

Wajen azahar iska ta fara sanyi, sauran jirage biyun suka fara sunkuyowa. Muka naɗe zare a hankali har suka sauko hannu. Kafin mu tafi na sa kowa ya zagaya ya tsince guntayen leda da zare da bawon rake, domin awakin unguwa a filin suke kiwo, kuma akuyar da ta ci leda cikinta take zama har ta kashe ta.

Ranar Asabar na shiga kasuwar Tudun Wada na sayo tsintsiyar kwakwa biyu, ɗaya ta Inna ɗaya ta jirage, da babban zaren teloli wanda ba sai an yi masa ƙulli ba. Alhamis ta gaba tun ƙarfe 9 almajirin ya yi sallama, da abokansa uku a bayansa, kowanne da ledarsa a ninke cikin aljihu. Auta ce ta fito musu da almakashi.